MkDocs bayan mun bar SVN mun koma Git: inda ya fitar da mu kunya da inda ya bar mu da aikinmu

Jama'a salam. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan abin, tun ranar da wani sabon yaro da ya shigo cikinmu ya zo ya tsaya a kaina da laftof a hannu yana cewa "Oga, na bi takardar nan layi bayan layi amma abin yana ce min bai ga saba ba." Na karɓa na duba, wallahi kunya ce ta kama ni, layin farko a shafin da muka rubuta wa sababbin zuwa yana cewa a yi `svn checkout` sannan ga adireshin sabar da muka kashe sati uku da suka wuce. Mun kwashe kod ɗinmu kaf daga Subversion (wato SVN) zuwa Git, dukansu manhajojin ajiye kod ne tare da tarihin duk gyaran da aka yi masa, tarihi bai ɓata ba, mun yi ta yi wa juna barka, amma babu mutum ɗaya a cikinmu da ya waiwayi takardun bayani. Yaron nan bai yi laifin komai ba, takardar ce ta yi masa ƙarya, kuma mu muka rubuta ta.

To wannan ne ya sa muka ɗauko MkDocs, manhajar da ke mayar da takardun bayani su zama shafin yanar gizo, yau wata biyar kenan muna aiki da shi, shi ne nake son in faɗi abin da na gani.

Bari in fara da halin da muke ciki kafin nan don ku gane girman taron. Aikin namu ya kusa shekara tara a SVN, kuma bayanan sun warwatsu ko'ina: wasu a wikin Trac, manhajar da muke rubuta bayanai da tikitocin matsaloli a ciki, wadda ke manne da tsohuwar saba, wasu fayilolin Word ne a cikin `trunk/docs` waɗanda kowa ke tsoron taɓawa, akwai README na rubutu zalla, sai wani PDF guda da babu wanda ya san inda asalinsa yake, wanda ya haɗa shi ya bar aiki tun tuni. SVN kuwa ba wai ya yi mana wani laifi ba ne, tsoho ne mai amana, tun shekarar 2000 aka fara shi, Git ya zo a 2005 daga hannun Linus Torvalds, amma duniya ta riga ta juya, duk wanda muka ɗauka aiki Git ya sani. Su Bitbucket, shafin ajiye kod, sun rufe Mercurial (wani ɗan'uwan Git) a 2020, GitHub, wani shafin irinsa, shi ma ya cire gadar da ke bari a yi magana da shi da SVN a watan Janairun 2024, kai ko ba a faɗa maka ba ka san inda iska ta dosa.

Abu uku muka auna. Wikin GitHub shi ne mafi sauƙi amma rumbunsa daban ne da na kod, ba a buɗe masa buƙatar haɗewa (pull request), wato a turo gyara a duba kafin a karɓa, wato ciwon da muke gudu kenan, kod na nan bayani na can kowa na tafiyarsa. Sphinx kuma babba ne, Georg Brandl ya yi shi don takardun Python tun 2008, yana fitar da PDF, yana da nasa mai duba linki, sai dai asalin rubutunsa reStructuredText ne kuma na san mutanena, idan na ce sai sun koyi sabon salon rubutu kafin su gyara jimla ɗaya to an gama, ba za su gyara ba. MkDocs shi Markdown ne kawai, rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, wanda kowa ya riga ya saba da shi a README. Tom Christie ne ya fara shi a 2014, da Python aka rubuta, kyauta ne kuma kod ɗinsa a buɗe. Shi muka ɗauka, muka ɗora masa riga, wato salon kamannin shafi, mai suna Material ta Martin Donath saboda rigunan biyu da yake zuwa da su ba su yi min ba.

Girka shi ba ya buƙatar dogon labari. `pip install mkdocs-material`, sai `mkdocs new .`, ya ba ka folda `docs` da fayil ɗaya `mkdocs.yml`, ka buga `mkdocs serve` ka buɗe burawuza a 127.0.0.1:8000 shikenan. Kana gyara rubutu kana adanawa shafin na sabunta kansa a gabanka. Ko shayina bai huce ba na ga shafi a tsaye, har na fara cika baki cewa zuwa Juma'a mun gama. Juma'a uku suka wuce.

Kwaso tsofaffin takardun ne ya fara nuna min cewa da sauran rina a kaba. Na Word ɗin Pandoc ya juya su zuwa Markdown kuma ya yi ƙoƙari sosai, har hotuna ya ciro mana, tebura masu haɗaɗɗun gidaje ne kawai suka fito a hargitse sai da hannu. Na Trac kuwa ɗan sikirif na rubuta yana canza alamomin kanun magana da na kod, sauran muka bi ɗaya bayan ɗaya. A nan ne na ci karo da abu na farko da ya ɗan ɓata min rai da MkDocs: Markdown ɗinsa ba daidai yake da na GitHub ba. Shi da Python-Markdown yake aiki, kuma wannan yana son tazara huɗu idan za ka sa jeri a cikin jeri, biyu ba ta isa, sannan sai ka bar layi fanko kafin jerin ya fara. Sai ka ga fayil ya yi kyau tsaf a GitHub, ka gina shafin kuma matakai goma sun narke sun zama dunƙulen sakin layi ɗaya. Ga takardar da ke cewa yi kaza sannan kaza sannan kaza, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma ba ya yi maka gargaɗi, sai idonka ya gani.

Yanzu ga inda ya burge ni, kuma saboda wannan kaɗai ma zan iya cewa a ɗauke shi. `mkdocs build --strict`. Idan ka gina da wannan, duk wani gargaɗi ya zama kuskure, ginin ya tsaya cak. Mu da muka canza sunayen fayiloli da yawa, muka haɗe wasu shafuka muka raba wasu, linkin cikin gida sun karye ba adadi, kuma shi ya zauna ya lissafo mana su da sunan fayil da inda linkin ya nufa bai samu kowa ba. Daga sigar 1.5 suka kawo sashen `validation` a fayil ɗin saiti, a 1.6 ta 2024 kuma suka ƙara duba linkin da ke nuni zuwa wani kan magana a cikin shafi. Amma ku lura, wannan na ƙarshen a matakin sanarwa kawai yake zuwa, haka ma shafukan da ka manta ba ka sa a `nav` (jerin shafuka a fayil ɗin saiti) ba, sai ka ɗaga su zuwa `warn` da kanka kafin su iya tsayar da gini. Ni kwana biyu na yi ina murna babu kuskure ashe ban kunna ba ne. Da na kunna sai ga su kamar an buɗe famfo. Mun sa wannan ginin a cikin gwajin da ke gudana duk lokacin da wani ya turo gyara, yanzu idan ka canza sunan shafi ka bar linki a karye ba za a karɓi aikinka ba, ba ni zan yi maka magana ba, jan alamar faɗuwar gwaji za ka gani.

Sai maɓallin "gyara wannan shafi". Ka sa `repo_url` a saiti, a Material kuma ka kunna `content.action.edit`, kowane shafi ya samu ɗan fensir a sama, ka danna ya kai ka fayil ɗin a rumbu ka gyara nan take. Wannan ɗan fensirin ya canza halin mutanenmu fiye da duk wa'azin da na taɓa yi, wanda a da zai ga kuskure ya wuce abinsa yanzu yana gyarawa don minti biyu ne. Sai dai akwai tarko, kuma tarkon ya dace da labarinmu har ya ba ni dariya: idan ba ka rubuta `edit_uri` da kanka ba, ga GitHub da GitLab yana ɗauka sunan babban reshenka `master` ne. Alhali tun Oktoban 2020 sabon rumbu a GitHub da `main` yake zuwa, namu ma haka. Ga Bitbucket kuma `default` yake sawa, sunan babban reshe a Mercurial. Wato shi kansa kayan gyaran takardun yana ɗauke da ragowar tsohon zamani a jikinsa. Layi ɗaya ne maganin, `edit_uri: edit/main/docs/`, kuma a rubuce yake a littafinsu, ni ne ban karanta ba.

To duk wannan mai sauƙi ne. Ainihin wahalar tana inda babu wani ja da zai fito maka.

MkDocs linki yake dubawa, ba ya karanta jimla. Shafi na iya ginuwa fes, babu gargaɗi ko ɗaya, kuma duk abin da ke ciki ƙarya ne. Ni da kaina na jawo mana na farko. Na ga kalmar svn ta cika takardun, na ce wannan ai aikin minti ɗaya ne, na sa `sed`, umarnin nemo kalma a musanya ta, ya bi duk fayilolin ya mayar da svn zuwa git. Gyaran gangar auzinawa kenan. Matsalar ita ce kayan biyu suna da kalmomi iri ɗaya masu ma'ana daban. `svn checkout` shi ne ka ɗauko aiki daga saba karon farko, a Git wannan `clone` ne, `git checkout` kuma canza reshe ne ko maido da fayil. `svn commit` yana kai aikinka saba nan take kowa ya gani, `git commit` a kwamfutarka kawai yake tsayawa sai ka yi `push`. Wata 'yar uwa a cikinmu kwana uku tana kwamit, wato adana gyaranta da `git commit`, hankalinta kwance, tana mamakin me ya sa babu wanda ya ce mata komai kan aikin, ashe duk yana kan laftof ɗinta, da ya faɗi a ruwa shikenan. Takardarmu ce ta ce mata "da ka yi commit aikinka ya isa ga kowa", jimlar da gaskiya ce tsawon shekara tara ta wayi gari ƙarya ba tare da an taɓa ta ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne `revert`. A SVN idan ka jagwalgwala fayil ba ka kai ga kwamit ba, `svn revert` ya share gyaranka ya maido shi yadda yake. A Git `revert` wani abu ne daban, kwamit ɗin da aka riga aka yi yake warwarewa ta hanyar yin sabo da ke soke shi. Shafinmu na "idan ka ɓata abu" bayan aikin da na yi masa ya koma yana cewa a yi `git revert` da sunan fayil. Yaron nan dai, bawan Allah, ya gwada, Git ya ƙi, ya je ya bincika ya ga ana ba shi kwamit ne ba fayil ba, ya ba shi `HEAD`, wato kwamit na ƙarshe, sai ga shi ya soke aikin da wani ya gama jiya. Allah ya taimaka a wajen duba gyara aka kama kafin ya shiga babban reshe. Abin da ya kamata shafin ya ce shi ne `git restore`, wanda ya shigo tare da `git switch` a sigar 2.23 ta 2019, kuma dama don raba wa `checkout` ayyukan da suka yi masa yawa aka kawo su. Daga ranar na janye abin da `sed` ya yi gaba ɗaya, muka raba shafukan tsakaninmu, kowa ya karanta nasa da bakinsa kuma ya buga kowane umarni a sabuwar folda ya ga me zai faru. Babu wata gajeriyar hanya, na nema ban samu ba.

Sai lambobin rivishan. SVN lamba yake ba kowane kwamit a jere, r1, r2, har dubbai, kuma mutane sun saba da su kamar lambar gida, takardunmu cike suke da "an gyara wannan a r1482" ko "kada ka yi amfani da abin da ya gaza r2050". A Trac da ka rubuta haka yake zama linki da kansa. Git ba shi da wannan, zaren haruffa da lambobi 40 yake ba kwamit, kuma a sabon shafin r1482 ya zama rubutu kawai da ba ya kai ka ko'ina, MkDocs ma ba ruwansa don a wajensa kalma ce kamar kowace. Abin da ya cece mu shi ne lokacin ƙaura da `git svn clone` ba mu sa `--no-metadata` ba, saboda haka kowane kwamit yana da layin `git-svn-id` a ƙasansa mai ɗauke da tsohuwar lambar bayan alamar @. Da wannan na fitar da tebur, tsohuwar lamba a hagu sabon zare a dama, muka yi masa shafi guda. Ina ba duk wanda bai yi ƙaura ba tukuna shawara, kada son tsafta ya sa ka goge layin nan, na san yana da muni a ido amma ranar da kake neman dalilin wani gyara na shekara shida baya shi kaɗai zai kai ka.

Lambobin tikiti kuma sun fi wannan sharri. Akwai wani ƙari, `pymdownx.magiclink`, da ke mayar da #212 ya zama linki zuwa matsala ta 212 a GitHub. Na kunna na ji daɗi, shafuka suka yi shuɗi-shuɗi. Sai daga baya muka lura #212 na tsohuwar takarda tikitin Trac ne, mu kuma ba mu kwaso tikitocin da lambobinsu ba, sannan a GitHub matsaloli da buƙatun haɗewa layin lamba ɗaya suke bi. Wato ƙananan lambobin suna buɗewa lafiya lau su kai ka wata magana da ba ta da alaƙa da abin da kake karantawa, manyan kuma suna jiran ranar da za mu kai wajen su fara nasu. Linkin da ya mutu ai ya fi wannan mutunci, ko ba komai ka san ya mutu. Duk tsofaffin muka mayar da su "tikitin Trac 212" da rubutu zalla.

Kwanan wata ma labari ne. Tsofaffin fayilolinmu suna da `$Date$` da `$Rev$` a kai, waɗanda SVN ke cikewa da kansa ta `svn:keywords`. A Git sun daskare, ko su zauna fanko ko su riƙe ranar ƙarshe har abada, abin da Git ke da shi mai kama da haka `ident` ne a `.gitattributes` kuma shi zaren fayil yake sawa a `$Id$`, ba rana ba. Akwai filogin mai suna `git-revision-date-localized` da ke karanta tarihin Git ya rubuta ranar gyaran ƙarshe a ƙasan kowane shafi, yana aiki da kyau, amma abu biyu. Na farko idan a GitHub Actions, inda GitHub ke gudanar maka da gini da gwaji da kansa, kake gini, `checkout` ɗinsa kwamit ɗaya tak yake ɗaukowa, sai ka sa `fetch-depth: 0` in ba haka ba ranakun ba za su fito daidai ba. Na biyun ya fi zurfi: tunda duk shafukan rana ɗaya muka juya su zuwa Markdown, duk sai suka nuna ranar. Shafin da rabon a duba gaskiyarsa tun shekara bakwai ya fito da kwanan watan jiya-jiya kamar amarya. Mai karatu ya gani ya yarda. Dole muka liƙa wani akwatin gargaɗi a saman duk shafin da aka kwaso ba a tantance ba, Material yana da waɗannan akwatunan masu launi kuma sun yi mana rana, wanda ya karanta shafi ya gwada shi ne ke da ikon cire akwatin. Har yau akwai guda shida da ke ɗauke da shi.

Akwai kuma shafukan da ba gyara suke so ba, binnewa suke so. Muna da dogon bayani kan yadda ake kulle fayil da `svn lock` kafin a taɓa shi, Git zalla ba shi da kulle. Muna da shafi kan tsarin `trunk` da `branches` da `tags` a matsayin foldoji, a Git reshe ba folda ba ne, kuma `git svn` ma tag ɗin SVN kamar reshe yake kwaso su sai ka mayar da su tag na gaske da hannunka. Bayanin `svn:externals`, hanyar jawo kod na wani rumbu cikin naka, sai da aka sake shi daga tushe don mun koma `submodule`, wanda sai ka ce wa mutum ya sa `--recurse-submodules` in ba haka ba ya samu folda wayam. Wani mataki a jagorar girkawa yana cewa "za ka ga folda mai suna logs", babu ita, don Git ba ya riƙe folda fanko, muka jefa mata `.gitkeep`. Sannan wani cikinmu da ya rubuta sabon shafin shiga ya ce a sa suna da kalmar sirri kamar yadda muke yi a SVN, alhali GitHub ya daina karɓar kalmar sirri a wannan wajen tun Agustan 2021, sai makullin SSH ko token. Ko ɗaya cikin waɗannan MkDocs bai gani ba, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, ban dai so wani ya ɗauka da ya ga kore an gama.

Ɗan abin da muka ƙara da kanmu: layin `grep` (umarnin neman kalma a fayiloli) ɗaya a cikin gwaji da ke neman svn da trunk da sunan tsohuwar saba a foldar `docs`, idan ya samu a wajen shafin tarihi da teburin lambobi sai ya tsayar. Linkin waje kuma, tunda MkDocs ba ya leƙa su, lychee muka sa yana bi sau ɗaya a sati.

Wajen wallafawa, `mkdocs gh-deploy` umarni ɗaya ne, ya gina ya tura reshen `gh-pages`. Daɗi kamar me, amma abin da ke kan kwamfutarka yake ginawa, har da fayil ɗin da ba ka yi wa kwamit ba. Ni na taɓa tura wani daftari da na rubuta wa kaina mai cewa "wannan sashen duk shirme ne a sake", ya kwana a shafi. Sun rubuta gargaɗin, sakacina ne. Yanzu babu mai wallafawa daga laftof, daga babban reshe kawai yake fita. Idan kana da sunan yanki naka, fayil ɗin `CNAME` a cikin `docs` za ka ajiye shi, in ba haka ba turawa ta gaba ta share shi. Kuma wanda takardunsa na cikin gida ne ya yi hattara, rumbu na sirri ba ya nufin shafin GitHub Pages na sirri ne, a yawancin tsare-tsarensu duk mai adireshin zai buɗe. Abin da ya sauƙaƙa shi ne foldar `site` da yake fitarwa HTML ne zalla, ba rumbun bayanai ba komai, ka ɗora a duk sabar da ka ga dama.

Abubuwan da ba shi da su a jikinsa sai an ɗauko daga waje suna da ɗan yawa, wannan ne ma ya sa ba zan ba shi cikakken maki ba. Sigogi daban-daban na takarda, wato wanda ke kan tsohuwar fitarwa ya ga bayaninsa, sai da `mike`. Tura tsohon adireshi zuwa sabo sai `mkdocs-redirects`, kuma shi adireshin cikin shafin kawai yake iya wa, na tsohon wikin da ke cikin imel ɗin mutane sai dai a saba a gyara. Ciro bayani daga cikin kod sai `mkdocstrings`. PDF babu. Kowane filogin kuma mai shi daban, lokacin sabuntawarsa daban, don haka ka daure sigoginsu a `requirements.txt` tun ranar farko kada wata safiya gini ya ƙi ba ka taɓa komai ba. Wanda aikinsa babban laburare ne mai dubban ayyuka da ke nuni da juna, ko wanda dole sai ya miƙa littafi bugagge, ni dai Sphinx zan nuna masa. Akwatin bincikensa kuwa ban da korafi, a cikin burawuza yake aiki ba ya buƙatar saba, kana bugawa yana kawowa, shi na yi ta amfani da shi ma wajen farautar ragowar kalmomin SVN kafin in rubuta `grep` ɗin.

In maki ake so, huɗu cikin biyar. Ɗayan na riƙe ne saboda bambancin Markdown ɗin nan da ba ya faɗa maka, da yawan dogaro da filogin. Ga ƙaramar tawaga da ta fito daga SVN ko Mercurial da takardu a warwatse, ban ga abin da ya fi shi saurin tara su wuri ɗaya kusa da kod ba, ta yadda gyaran kod da gyaran bayaninsa za su shiga a kwamit ɗaya a duba su tare.

Yaron nan kuwa shi muka ba shafin sababbin zuwa ya sake rubutawa, tunda shi ya sha wuyarsa. Ya goge laftof ɗinsa tas ya bi matakan daga farko yana rubuta duk inda ya tsaya, ya samo wurare huɗu da mu tsofaffi ba za mu taɓa gani ba don hannunmu ya riga ya saba tsallakewa. Ya ƙara wani tebur a ƙasa, "abin da ka saba bugawa a SVN" da "abin da za ka buga yanzu", layin `revert` ya yi masa ja da manyan baƙaƙe. PDF ɗin nan da ba a san asalinsa ba yana nan har yanzu, shafi 40 ne, a shafi na 3 yana cewa a nemi izinin shiga SVN wajen mai kula da saba, an sa sunana a kansa sati mai zuwa.